Waƙa ce ta sa na fara koyon harshen Koriya, yanzu na cije. Akwai wanda ya taɓa wuce nan?

Autar Gida:

Assalamu alaikum yayyena da ƙannena. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya mini a rai.

Wata takwas ke nan da na fara koyon harshen Koriya, kuma ba zan ɓoye muku ba, ba makaranta ce ta sa ni ba, ba neman aiki ba. Wata ƙungiyar mawaƙa nake bi tun ina sakandare. Autansu, wanda su suke kira maknae, yana da ɗabi'ar kunna kyamara kai-tsaye bayan sun sauko daga dandamali, ya zauna shi kaɗai a ɗakin otal ya yi ta hira da masoya. Irin wannan hirar ba ta zuwa da fassara nan take. Sai dai ka jira masoyan da suka iya harshen su riƙa jefo ma'anar guntu-guntu a shafin X, ko ka yi haƙuri sai kamfanin ya saka tasa daga baya. A daren da suka rufe zagayen wasanninsu na shekara, yana cikin magana a kan sauran 'yan ƙungiyar sai muryarsa ta karye. Ya sunkuyar da kai, ya faɗi wata gajeriyar magana sau biyu. Wurin sharhi ya cika da ㅠㅠ, suna ta gudu sama ba ƙaƙƙautawa. Ni kuwa ga waya a hannuna, ina kallon mutum yana share hawaye, ban san me ya ce ba. Minti arba'in na yi ina jira. Da fassarar Turancin ta fito, ma'anarta ba ta wuce "kun yi aiki mai kyau" ba. Raina ya ba ni ba wannan ce za ta sa mutum kuka ba. A daren na nemo haruffansu.

Harafin da na fara sani shi ne wancan ㅠ ɗin. Ashe wasali ne, "yu" ake karanta shi, suna jera biyu ne don ya yi kama da idanu masu zubar da hawaye, kamar yadda ㅋㅋㅋ yake nufin dariya. Hangul, wato haruffan nasu, bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Baƙaƙe 14, wasula 10, sai 'yan haɗe-haɗe. Abin da ya fi burge ni shi ne an zana baƙaƙen ne bisa siffar baki: ㅁ leɓɓa ne a rufe, ㄴ harshe ne ya taɓo bayan haƙoran sama, ㅇ kuma zagayen maƙogwaro. Cikin kwana uku ina karanta sunayen waƙoƙi, cikin wata biyu ina bin baitoci ina rerawa daga rubutun asali. Na ɗauka an gama.

To daga wata na biyar komai ya tsaya. Ina karanta jimla tsaf, amma ban san me ta ce ba. Aikatau yana can ƙarshe, kafin in kai gare shi na manta farkon zancen. Akwai wasu 'yan kalmomi da ake liƙa wa suna, 은/는 (eun/neun) da 이/가 (i/ga), na kalli bayaninsu ya fi sau ashirin, duk lokacin sai in ji kamar na gane, in na zo rubutawa sai ya zame. Ƙidaya iri biyu ce. Ƙarfe uku da minti talatin "se si samsip bun" ne, awa da ƙidayar asali, minti da wadda suka aro daga Sinanci, a jimla ɗaya.

Abin da ya sanyaya mini jiki ya faru makon jiya. Na shiga ajin hira ta intanet, malamar dattijuwa ce, ta haife ni. Ina so in nuna mata kulawa, sai na gaishe ta da abin da na ji ɗaruruwan sau a fina-finai masu dogon zango: "Bap meogeosseo?", wato kin ci abinci? Ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan a hankali, ba tare da faɗa ba, ta ce wannan sigar ana yi wa yaro ce ko ƙawar da kuka shaƙu, ba malami ba, ba wanda ya girme ka ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma har aka tashi ban sake buɗe baki ba. Na ji nauyin abin ƙwarai, don ban taso ina yi wa manya magana gatsal ba, ga shi na yi da harshen wasu ban sani ba.

Yayana ya ce dama waƙa ba ta koya wa mutum harshe, son zuciya ne kawai zai wuce, gara in sa lokacin a Larabci ko Faransanci da za su amfane ni. Ban ji haushinsa ba, don yana so na da alheri. Amma ina so in ji daga waɗanda suka bi wannan hanyar. Akwai wanda waƙa ko fim ya jawo shi, kuma ya kai inda zai yi hira sosai? In ajiye kallon ne gaba ɗaya in rungumi littafi? Kuma jarrabawar nan ta ƙwarewa a harshen Koriya, TOPIK, ta cancanci mutum irina ya sa ta a gaba?

Maman Biyu:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki sau biyu, domin inda kike tsaye na taɓa tsayawa.

Ni fina-finan tarihi ne suka ja ni, na zamanin daular Joseon, masu sarki da fadawa da manyan riguna. Shekara shida ke nan. Bara na zauna TOPIK II na samu mataki na 4. Ban taɓa taka ƙasar ba, ga yara biyu ga aiki, mafi yawan karatuna bayan sun yi barci ne. Saboda haka amsar tambayarki ta farko: e, ana wucewa.

Kuskuren da kika yi da malamarki ba naki ba ne ke kaɗai, daga inda kika ɗebo harshen ne. Waƙoƙin soyayya da hirar masoya a fim kusan duk da banmal ake yin su, wato maganar da aka cire wa alamun girmamawa. Mawaƙi yana magana ne da wadda yake so, ba da surukarsa ba. Ke kuma kunnenki ya sha wannan sigar shekara da shekaru, ita ce za ta fara zuwa bakinki. Ni nawa akasin naki ne: da na fara hira da wata 'yar Koriya sa'ata, sai na riƙa ƙare jimla da irin kalaman da waziri yake yi wa sarki, waɗanda ba mai faɗinsu yau. Ita ce ta zaunar da ni ta ware mini na fada da na kasuwa.

Ki ɗauki wannan jimlar taki ki hau da ita matakala. "Bap meogeosseo?" ta ƙawa ce. Ki ƙara "yo" a ƙarshe, "bap meogeosseoyo?", ta zama ta ladabi, za ki iya yi wa wanda ba ku saba ba. Ga malama kuwa, "siksa hasyeosseoyo?" Kin ga har kalmar abincin ta canza, kuma an cusa "si" a cikin aikatau don ɗaukaka wanda ake magana a kansa. Ga kaka ma akwai wata kalmar abincin daban, jinji. Barci ma haka: yaro "jada" yake yi, babba "jumusida". Shekarun yaro "nai", na dattijo "yeonse". Shi ya sa za ki ga a fim mutane biyu suna haɗuwa sai su tambayi shekarar haihuwar juna. Ba shisshigi ba ne, suna neman sanin da wace siga za su yi magana ne. Shawarata: wata uku masu zuwa kada ki furta jimla ɗaya da ba ta ƙare da "yo" ba, ko da kanki kike magana. Ba wanda zai ji haushi don an girmama shi fiye da kima.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci, wanda na yi shekara biyu ban gane ba. Ki daina bi ta Turanci kullum. Turanci ba shi da gurbin abubuwa da yawa da harshen Koriya yake da su, Hausa kuwa tana da su. Su ba sa cewa "uwata", "uri eomma" suke cewa, mamanmu, ko da mutum shi kaɗai aka haifa. Mai tafiya ana ce masa "annyeonghi gaseyo", a sauka lafiya, mai zama kuma "annyeonghi gyeseyo", a zauna lafiya. Ba a kiran babba da sunansa tsirara. Mace tana ce wa yayanta namiji oppa, yayarta mace eonni, namiji kuma hyeong da nuna. A fim ɗinsu mai dogon zango, Squid Game, akwai inda ɗan ci-ranin nan Ali yake ta kiran Sang-woo da "sajangnim", wato maigida, har Sang-woo ya ce masa ya riƙa kiransa hyeong. Mai jin Hausa ya san girman abin da ya faru idan wanda kake ce wa "ranka ya daɗe" ya ce maka "ce mini Yaya". Fassarar Turanci ba ta da yadda za ta ɗauko wannan nauyin, kuma shi ne ya sa abin da ya biyo baya tsakaninsu ya fi ciwo.

Har ƙidayar da ta dame ki, ki duba namu: ɗaya zuwa goma namu ne, ashirin da talatin da arba'in na Larabci ne, ba wanda ya taɓa jin abin baƙo. Fiye da rabin kalmomin da ke ƙamus ɗinsu daga Sinanci suka samo asali, kuma suna zuwa dangi-dangi, kamar yadda ilimi da malami suka fito daga saiwa ɗaya. Idan kin san "hak" karatu ne, to hakgyo makaranta, haksaeng ɗalibi, daehak jami'a, duk sun zo miki a kyauta. Tun da na fara tara kalmomi ta wannan hanyar haddata ta ninka.

Game da maganar da ta sa yaron nan kuka, ban ga bidiyon ba, amma ina kyautata zaton ko dai "sugohaesseoyo" ya ce ko "gosaeng manasseoyo". Koma ki saurara da kyau ki zo ki faɗa mini.

Kallo kuwa kada ki daina. Ki canza yadda kike yin sa ne. Ki ware minti biyar daga fim ɗin da kika riga kika sani, ki kalla da rubutun Koriyanci a ƙasan allo maimakon fassara, ki tsaya a kowace jimla, ki maimaita da baki. A nan ne za ki gano ba kullum ake furta abu yadda aka rubuta ba: 감사합니다 an rubuta "hap-ni-da" amma "ham-ni-da" ake cewa, 같이 kuma "gachi". Sauran sa'ar ki kalla don jin daɗi, ba laifi. Sannan ki samu littafi guda ɗaya mai tsari ki bi shi daga farko har ƙarshe. Cibiyar Sarki Sejong tana da darussa kyauta ta intanet, ni da littattafansu na yi.

Tsohon Malami:

'Yata, ni ban iya harshen Koriya ba. Faransanci na koyar shekara 19, kuma ina so in tsaya kusa da yayanki kaɗan, ba don in kashe miki gwiwa ba.

Sha'awa irin wannan tana kawo mutane bakin ƙofa da yawa. Bayan fitowar Squid Game a watan Satumba na 2021, kamfanin Duolingo mai manhajar koyon harsuna ya ce cikin mako biyu masu sabon rajistar koyon harshen Koriya sun ƙaru da kashi 76 cikin ɗari a Birtaniya, da kashi 40 a Amurka. Amma danna maɓallin rajista ba koyo ba ne. A ajina na ga yadda ake cika a makon farko, a zango na biyu kujeru su yi ta zama babu kowa, kuma kullum a wuri ɗaya ake zubewa: inda sabon abu ya ƙare, maimaici ya fara. Harshen da kika zaɓa kuma ba ƙaramin dutse ba ne. Makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa shi a rukuni mafi wuya ga mai jin Turanci, tare da Larabci da Sinanci da Japananci, ta ƙiyasta masa kimanin sa'o'i 2,200 na aji. Idan kina ba shi awa ɗaya kullum, ki yi lissafi, shekara shida ne. Sauƙin haruffan yana ruɗar mutane. Tun a 1446 da aka ƙaddamar da su, ɗaya daga cikin malaman fadar Sarki Sejong ya rubuta cewa mai kaifin basira zai iya su kafin hantsi ya wuce, mai jinkirin fahimta kuma cikin kwana goma. Haruffa yake nufi, ba harshe ba.

Abu na biyu, ki sani ba haka kawai iska ta kaɗo miki waƙoƙin nan ba. Bayan durƙushewar tattalin arzikin Asiya a 1997, gwamnatin Shugaba Kim Dae-jung na Koriya ta Kudu ta ɗauki fim da waƙa a matsayin hajar fitarwa waje, ta zuba musu kuɗi. Cibiyoyin Sejong da aka fara buɗewa a 2007 yanzu sun haura 240 a ƙasashe sama da 80. Ban ce wannan mugun abu ba ne, Faransa ta fi ƙarni tana yin irinsa da Alliance Française. Ina so ne ki tuna cewa Koriyar da ke kan allo an yi mata kwalliya. Ta gaske ƙasa ce ta doguwar ranar aiki da gasar jarrabawa mai tsanani, inda a 2023 adadin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace. Kuma ba duk abin da suka fitar ba ne ya dace da ido da kunne, sai mutum ya tace.

Tambayar da nake so ki yi wa kanki ita ce: ranar da ƙungiyar nan ta watse, ko ke kika girme ta, me zai rage da zai zaunar da ke kan littafi? Idan kina da amsa, ci gaba, ina tare da ke.

Autar Gida:

Na gode Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Tambayar ta hana ni barci jiya. Gaskiya ba ni da cikakkiyar amsa tukuna. Abin da na sani shi ne, da malamata ta yi shirun nan, ba mawaƙin na tuna ba. Ita nake so in iya yi wa magana yadda ya kamata. Ban sani ba ko wannan ya isa.

Ɗalibi a Busan:

Ya isa, ƙanwata, da irinsa ake farawa. Malam, da izininka zan ɗan ja da kai a wuri ɗaya.

Gaskiya ne rajistar manhaja ba ta nuna komai. Amma akwai lissafin da ya fi ta nauyi. Ƙungiyar MLA da ke ƙirga masu karatun harsuna a jami'o'in Amurka ta nuna cewa tsakanin 2016 da 2021 jimillar masu ɗaukar darussan harsunan waje ta ragu da kashi 16.6 cikin ɗari, amma masu ɗaukar harshen Koriya suka tashi daga 13,936 zuwa 19,270. Waɗannan mutane ne da suka biya kuɗin makaranta, suka zauna jarrabawa, sakamakon ya shiga takardarsu. Tailan ta sa harshen cikin jarrabawar shiga jami'a a 2018, Indiya ta ambace shi a manufar iliminta ta 2020, Biyetnam ta ɗaga shi zuwa sahun farko na harsunan waje a makarantu a 2021. A Biyetnam ɗin masana'antun Samsung ma suna da hannu, ba waƙa kaɗai ba, kuma nan ne abin yake da ban sha'awa: waƙa take kawo yaro aji, aiki ya riƙe shi. Kuma ba yau aka fara ba. Tun da tashar NHK ta Japan ta nuna fim ɗin Koriya Winter Sonata a 2003 da 2004 matan Japan masu shekaru suka cika azuzuwan koyon harshen.

Ni kaina ta labaran zane na waya na shigo, waɗanda suke kira webtoon, don na gaji da jiran fassarar babi na gaba. Yau shekarata uku a nan Koriya da tallafin karatu na gwamnatinsu, GKS. Shekarar farko gaba ɗaya harshe ake koya maka, kuma sai ka kai mataki na 3 a TOPIK kafin ka wuce zuwa digirin. A ajinmu na shekarar nan, ranar farko malama ta tambayi kowa dalilinsa. Yawanci suna jin kunyar faɗa, sai a hankali sunayen mawaƙa da fina-finai suka fara fitowa. Abin da na lura da shi kuwa, waɗannan ɗin sun fi mu kunne nesa ba kusa ba. Bambancin 달 (dal) da 탈 (tal) da 딸 (ttal), wato watan sama da abin rufe fuska da 'ya mace, mu muna ta fama, su tuni suna ji, don sun yi shekaru sautin yana shiga kunnensu. Ke ma kina da wannan jarin, ga kuma kunnen da ya saba raba kafa da ƙafa. Sautukan ba iri ɗaya ba ne da namu, amma kin riga kin san ƙaramin bambanci a baƙi yana juya ma'ana.

Inda Malam ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne Koriyar allo daban. Ba wanda ya taɓa yi mini maganar waƙa a ofishin shige da fice, ko wajen sa hannu a takardar hayar ɗaki, ko a asibiti. Ga karin harshen Busan da ke hawa da sauka, satin farko na ɗauka masu sayar da kifi faɗa suke yi, ashe hira ce.

TOPIK kuwa ki yi. Ki fara da TOPIK I, saurare da karatu ne kawai, maki 200, da 80 kin samu mataki na 1, da 140 mataki na 2. A wata takwas ɗinki, idan kika ƙara uku ko huɗu da littafi, mataki na 2 ba zai gagare ki ba in sha Allahu. TOPIK II ce mai rubutu, akwai insha'i na haruffa 600 zuwa 700 da wata siga ta rubutu wadda ba za ki taɓa ji a waƙa ba, wannan sai nan gaba. Takardar shekara biyu take aiki, don haka ba don ita za ki yi yanzu ba, sai don ranar jarrabawa tana tilasta wa mutum ya karanta abin da ba ya so, irin su sanarwar jirgin ƙasa da hasashen yanayi.

Tsohon Malami:

Na karɓi gyaran, ɗana. Alƙaluman jami'a sun fi na manhaja ƙarfi, ban san da su ba. Maganar kunne ma haka take, ɗalibaina da suka fi kowa lafazi su ne masu sauraron rediyo ba don an sa su ba.

Autar Gida:

Na dawo bayan mako uku, ku gafarce ni da shirun.

Anti Maman Biyu, na koma kan bidiyon. Na rage saurinsa, na saurari wurin ya fi sau goma da abin kunne. "Hyeongdeul, gosaeng manasseoyo" ya ce. Na duba ƙamus: gosaeng wahala ce, "manta", asalin manasseoyo, kuma yawa. Yayyena, kun sha wahala da yawa. Wato sannunku da wahala, sannunku da ɗawainiya. Ina gane haka sai da idona ya cika, domin na san wannan maganar, na san lokacin da ake faɗinta da wanda ake faɗa wa. Ba yabon aiki ba ne, ƙarami ne yake shaida wa manyansa cewa ya ga abin da suka jure. Kuma ya sa "yo" a ƙarshe, duk da shekarun da suka yi suna kwana ɗaki ɗaya. Wata takwas ina neman abin da yake cikin bakina tun ina yarinya.

Na koma ajin. Kafin a fara na ce wa malama "seonsaengnim, siksa hasyeosseoyo?" Na yi ta maimaitawa a hanya don kada harshena ya sarƙe, duk da haka sai da ya ɗan sarƙe a "hasyeo". Ta yi murmushi ta amsa, ta tambaye ni ni ma ko na ci. Daga nan ta ɗauki kusan minti goma tana ba mu labarin yadda kakarta take gaishe da kowa da wannan tambayar, saboda ta rayu a shekarun yunwa na bayan yaƙin 1950 zuwa 1953. Ban gane duka ba, wataƙila kashi ɗaya cikin uku, amma na gane "halmeoni" da "jeonjaeng" da "bap", wato kaka da yaƙi da abinci, kuma na bi zaren har ƙarshe ba fassara.

Yayana na nuna masa amsoshinku. Bai ce ya sauko ba, amma ya ce idan na ci mataki na 2 shi zai saya mini littafi na gaba. Na sa ranar jarrabawar a jikin bango. Na fara tsarin minti biyar ɗin, kuma ina da littafin rubutu da na raba gida biyu, gefe ɗaya kalmar Koriya, ɗaya gefen Hausa, sai in Hausar ta ƙi nake neman Turanci.

Saura 은/는 (eun/neun) da 이/가 (i/ga), har yanzu suna nan inda na bar su. Jiya a fim wata ta shigo ɗaki ta tambayi wa ya fasa kofi, yaron ya ce "jega haesseoyo". Daga baya da yake gabatar da kansa ga baƙo sai ya ce "jeoneun haksaeng-ieyo". Ni a kunnena na farkon kamar "ni ne na yi" yake, na biyun kuma kamar "ni dai ɗalibi ne". Anti, haka ne, ko kunnena ne yake ƙara gishiri?